Ƙugiya a Wuyan Tabawa

A wani daji da kogi ya raba biyu, masu magani suna da majalisa a gindin wata tsamiya. Al'adarsu ita ce, in an yi saɓani kan majinyaci, kowane mai magani ya kira waɗanda ya taɓa warkarwa su ba da shaida. Wanda jama'arsa suka fi yawa, maganarsa ake bi.

Wata safiya jimina Tabawa ta zo tana tafiya a hankali. Ta haɗiye ƙugiyar masunta a bakin kogi, ta maƙale mata a wuya. Ga shi tana kwancin ƙwai tara ita kaɗai, don mafarauta sun kashe mijinta, kuma saura kwana goma sha biyu su ƙyanƙyashe.

Zalɓe, wanda ke yin fiɗa da dogon bakinsa, ya fara magana. Ya dubi Gwanki, shugaban majalisa, ya ce, "Ranka ya daɗe, yau za a tsaga wuyan nan. Sai ta yi wata guda a kwance a gefe ɗaya, shi ke nan. Ga mutanena takwas, kowa da tabonsa."

Hawainiya ta juya ido ɗaya wajensa. "Malam Zalɓe ko ƙaiƙayi aka kawo masa sai ya wasa baki. A bar ta da ruwan yauƙi, ƙarfe zai sauka da kansa. Nawa huɗu ne, amma ka dube su da kyau, babu ɗinki a jikin kowa."

Aka fara ƙirga shaidu. Sai Gafiya ta yi gyaran murya. Ita ce ke haƙa kabarin duk wanda magani bai karɓa ba, damina ashirin tana zama a bayan majalisa ba a taɓa jin bakinta ba.

"Ranka ya daɗe, akwai shaidun da ba su samu zuwa ba. Suna wajena."

Ta zazzage tsakuwoyi daga kumatunta, farare da baƙaƙe. Ta ce duk wanda ya haɗiyi ƙarfe tana ajiye masa tsakuwa, fara in ya tashi, baƙa in ta haƙa masa. Ta ja layi a ƙasa da farce, ta raba shi uku kamar reshe.

"Waɗanda aka tsaga nan take, goma ne. Takwas ga su nan tsaye, biyu na rufe. Waɗanda aka bari da ruwan yauƙi har ƙarshe, su ma goma. Huɗu sun tashi, shida na rufe."

Hawainiya ta koma launin ƙasa.

"To, ai magana ta ƙare," in ji Zalɓe.

"Da saura, Malam. Ga reshe na uku, waɗanda aka jinkirta mako biyu sannan aka tsaga. Su shida ne kawai, huɗu sun rayu. Shida ba su da yawa, ba zan rantse a kansu ba. Abin da na sani ke nan, abin da ban sani ba ya fi shi yawa." Sai ta juya wajen Jimina. "Tabawa, 'yar nan, tsakuwa ba ta san nauyin ƙwai ba. In an tsaga yau, kin fi kusa da tsira, amma ƙwai za su huce. In an jira, za su fito, ke kuma haɗarinki ya ƙaru. Wanne kika fi iya ɗauka?"

Gwanki ya motsa kunne. Ba a saba tambayar majinyaci a majalisar nan ba, amma da ya duba bai tuna wata doka da ta hana ba.

Tabawa ta sunkuyar da wuyanta da ƙyar, ta daɗe tana kallon baƙaƙen. Ta ce, "Inna, in na jira, ta yaya zan san abin ya fara ɓaci?"

Zalɓe ne ya amsa, murya ƙasa-ƙasa. "Zazzaɓi, ko wuya ya kumbura."

"To, ka riƙa zuwa kullum kana dubawa. Ran da ka ga kumburi, ka tsaga, ba zan yi gardama ba. In ba ka gani ba, ka bar ni da 'ya'yana. Na ga baƙaƙen da idona. Ko na zama ɗaya daga cikinsu, kada a ce an yi kuskure."

Haka aka yi. Zalɓe na zuwa da hantsi yana taɓa wuya, Hawainiya na kawo ruwan yauƙi, ba sa gaisawa. A rana ta goma sha biyu ƙwai bakwai suka ƙyanƙyashe, biyu suka dame. A ranar aka tsaga wuyan, aka zaro ƙugiya ta yi tsatsa. Tabawa ta sha wuya, muryarta ba ta dawo ba har yau, amma ta tashi. In ta ratsa fili da 'ya'ya bakwai a bayanta, wuyanta a miƙe yake, ɗinkin a waje.

Majalisa ta ji daɗin wannan nasara ƙwarai. Ta zauna, ta yaba wa kanta, ta kafa doka cewa daga yau duk wanda ya haɗiyi ƙarfe sai ya jira kwana goma sha biyu.

Wanda aka fara yi wa aiki da dokar wani bunsuru ne, wanda bai taɓa kwancin ƙwai ba.