Fitilu Sun Ci Mai Tari

Da zuciya mai nauyi, da baƙin cikin da ya hana gida sukuni, iyalan Baba Mai Sito suna sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan hanya rasuwar tsohon babur ɗinsa, wanda kowa ya sani da Mai Tari. Ya cika ne a bakin gadar da ke tsakanin masana'anta da gida, jim kaɗan bayan faɗuwar rana, ubangidansa na bisa kansa, fitilunsa duka a kunne.

Marigayin ya samo sunansa daga halinsa. Ba ya tashi sai ya yi tari, uhu, uhu, sannan ya kama tut-tut-tut ɗinsa a hankali, kamar dattijon da ke gyara murya kafin magana. Bai taɓa yin gudun da zai firgita kaza ba. Mai kaɗan yake sha, kuma ba a san shi da fushi ba sai in ruwa ya shigar masa fulogi. Shi ya yi ta kai yaran gidan makaranta har suka fi ƙarfin tankinsa. Aikinsa na kullum kuwa shi ne ya kai Baba siton masana'antar da yake aiki da safe, ya dawo da shi bayan an rufe, ta hanyar da ba ta da fitilar titi ko ɗaya. Muddin Mai Tari na dawo da shi, Baba na da aikinsa. In hakan ta gagara, zaman gida ne ya rage masa, shi kuwa ya fi tsoron wannan zaman a kan duk ramukan hanya.

Ciwon ajalin ya faro ne ranar da Baba ya shigo da ƙafar wando a yage, ya ce fitilar gaba ta tsufa, ba ta nuna rami sai an faɗa ciki. Babbar 'yarsa ta fita tsakar gida ta kunna, haske ya kai har bangon maƙwabta. Ta ce, "Baba, fitilar nan lafiyarta ƙalau. Ko dai mu je a duba idon?"

Ya ce, "Da idon nan na ga haihuwarki. Yau ke za ki gaya mini abin da yake gani?"

Washegari ya tura marigayin wajen mai wayarin, wato mai gyaran wutar babura, wanda ya daɗe yana duba shi. Mutumin bai ɓoye masa komai ba. Ya ce, "Baba, wutar da koyil ɗin tsohon nan yake bayarwa a ƙididdige take: ta fitilar gaba, ta baya, sai ɗan abin da zai cika batir. In ƙari kake so, ga ƙananan fararen fitilun nan masu cin wuta kaɗan. In sa musu fiyus nasu da makunni daban, ka riƙa kashewa in kana tafiya a hankali." Aka sa. Mako bai zagayo ba Baba ya ce fararen ba sa ratsa duhu. Ya sayo manya irin na mota, masu zafi kamar murhu, da mai wayarin ya ƙi ɗaurawa sai ya ɗaura da kansa a bayan gida. Fiyus ya yi ta ƙonewa yana yi masa gargaɗi, shi kuwa ya gaji da saye, ya ɗaure gurbin da zaren waya.

Mai Tari bai yi ƙorafi ba, amma jiki ya fara nunawa. Odarsa mai cewa pip-pip ta dushe ta koma fiii. Batir ya riƙa kwana babu ko ɗigon caji. Warin ƙonanniyar roba ya fara bin Baba har cikin ɗaki. Abin tausayin shi ne, da fitilun suka yi yawa sai wutar ta kasa isarsu, duka suka rage haske, Baba ya samu hujja. Ya ce, "Kun gani? Na faɗa muku fitila ce." Ya ƙaro wata. Masu tahowa daga gaba suna zaginsa yana kashe musu ido, shi kuma yana bisa yana laluben inda hanya ta nufa.

A bakin gadar, fitilun suka yi ja kamar garwashi, hayaƙi ya taso daga ƙarƙashin tanki, marigayin ya yi tari ɗaya ya yi shiru. Baba ya tsaya riƙe da kan babur ɗin. Can wata babbar mota ta wuce da fitilunta a buɗe. Ya ji ƙararta, ya ji iskarta a fuska, amma abin da ya gani bai wuce ɗan fari-fari ba, kamar kyandir a bayan jiƙaƙƙen zane. Bai sake matsawa daga wurin ba har 'yarsa ta biyo sahu ta same shi. Abin da ya fara ce mata shi ne, "Riƙe ni, ban ga ƙafata ba."

Mai wayarin ya tabbatar koyil ya ƙone har cikin injin, wayoyi sun narke sun manne, kuma irin kayansa an daina ƙerawa.

Marigayin ya bar batir ɗaya mai jinya, da hular kwano, da makullin da Baba ya ƙi fitarwa daga aljihu. Ya bar fitilun da suka ci shi, an gwada su ɗaya bayan ɗaya, dukansu lafiya lau. Ya bar ubangidansa, wanda sito ya riga ya ba wani makullansa. Kullum in rana ta faɗi Baba yakan ɗago kai ya ce a yi shiru, wai ana tari a ƙofar gida. Sai ya dafa bango ya je ya buɗe, ya daɗe a tsaye yana saurare, babu wanda ke da zuciyar ce masa ya dawo.

Mai sayen tsoffin ƙarafa zai zo da amalankensa gobe ya raka marigayin makwancinsa. Za a taru a tsakar gida da rana tsaka, don lokacin ne Baba zai iya yi masa kallon ƙarshe. Iyali na roƙon masu zuwa kada wanda ya ce ai babur ne kawai. Kuma duk mai shigowa, komai kusancinsa da gidan, ya faɗi sunansa tun daga bakin ƙofa.