Ranar da Na Ɗura wa Surukata Manja

Ba zan taɓa mantawa da zuwan surukata na farko gidanmu a unguwar Aston, a ƙasar Ingila, ba. Daga Manchester ta taso, ni kuwa amarya ce sabuwa fil, ko ido ba na iya haɗawa da ita.

Na so in burge ta da miyar ganye. Maƙwabciyata Anti Fati, 'yar Ghana, ta kawo min leda cike da wani ganye wai shi nettle. Ta ce mutanen zamanin da a ƙasar nan miya suke yi da shi, su sha don ciwon gaɓoɓi, har igiya suke tufkawa da zarensa. Ta riga ta wanke ta yanka, juyewa kawai na yi a tukunya. (Ta ƙara wata magana, amma uwar rawar kai ban tsaya ji ba.)

Na kai wa Hajiya surukar tawa tuwo, na dawo kicin na sa hannu na kwashe guntun da ya maƙale a ledar. Wayyo Allah! Sai ka ce karara. Nan take hannuna ya yi ruɗu-ruɗu yana zugi. Abin da ya yi wa fata haka, me zai yi wa maƙogwaron tsohuwa? Maigidan yana wurin aiki, daga ni sai ita a gidan. Har na ji yadda za a ba da labari a Kano: amarya ta kashe uwar miji da miya.

Sai na tuna a garinmu manja ake ɗura wa wanda ya ci guba. Na suri kwalbar, na faɗa falo ko ɗankwali babu, na fizge kwanon daga gabanta.

"Hajiya, guba ce! Buɗe baki!"

"Ke, lafiyarki ƙa..."

Bakin da ta buɗe ke nan na tuttula mata. Manja har kan farin mayafinta.

Da ta gama tari ta kama hannuna ta duba. "Nettle ne ko? Ɗanyensa ke harbi, 'yar nan, in ya ji wuta shi ke nan. Na daɗe ina shan shayinsa saboda gwiwata." Ta goge haɓa. "Miƙo min tuwona."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tun ranar na koyi yin tambaya kafin in tashi ceton rai. Amma an makara. Har yau in na ajiye mata abinci sai ta dafe baki ta ce, "Likita, in ci?"