Ranar da Albasar Baba Ta Kayar da Mutum-mutumina

Ba zan taɓa mantawa da baje kolin kimiyyar da aka yi a Jega ba, ina aji biyar na sakandare, Jihar Kebbi tana sabuwa fil. Na ƙera mutum-mutumi da gwangwanayen madara da injin tsohuwar rakoda. Aikinsa ɗaya tak: ya miƙa hannu ya ɗauki albasa ya sa a kwando. A lokacin gani nake babu kamata (har kwat na aro, cikin zafin nan).

Babana manomin albasa ne a Aliero, kuma ya riga ya yanke cewa bokon ya isa haka, in dawo fadama. Da ƙyar na lallashe shi ya zo ya gani da idonsa. Na cika masa baki cewa babu albasar da injina ba zai ɗaga ba. Abin da ban gaya masa ba shi ne, da 'yan ƙanana kawai na gwada shi, masu girman ƙwan zabo.

Muna jiran alƙalai sai na fita shan ruwa. Ashe Baba ya leƙa teburina ya ga 'yan mitsi-mitsin albasar nan, ransa ya ɓaci. Ɗan Aliero ne zai nuna wannan a gaban mutanen Jega da na Maiyama? Ya kwashe su, ya ciro uku daga jakarsa, kowacce ta kai kan jariri.

Ina dawowa na tarar da alƙalai a tsaye, babu halin canzawa. Na yi bismillah na danna makunni. Hannun ya sauka, ya rungumi albasar, ya yi ƙugi, ya yi karkarwa, sai ga mutum-mutumina ya kifa da fuska, kansa ya gangara ƙarƙashin kujerar shugaban alƙalai. Ɗakin ya kece da dariya. Ni kuwa don tsabar ruɗewa na ce musu, "Haka aka tsara shi." (Har yau ban san abin da nake nufi ba.)

Sai na ji muryar Baba: "Ku dakata, malamai! Ba laihin yaro na ba, ni nis sauya albasa. Wagga ko ƙato sai ya sa hannu biyu."

Ya durƙusa da girmansa ya jawo kan gwangwanin, ya goge shi da hannun riga ya miƙo mini. Idona ya cika da hawaye, rabi na kunya, rabi na ƙaunarsa.

A mota, da muka kusa gida, Baba ya dube ni. "Ashe karatun naka bai ƙosa ba," in ji shi. "Koma ka ƙaro, har injin ga ya ɗauki tawa."

Ko na uku ban zo ba, amma na koma makaranta. Daga ranar na daina cika baki a gaban mai ƙaunata, don shi kaɗai ne zai gaskata ni.