Ranar da Goshina Ya Ci Mana Kofi

Har gobe ba zan taɓa mantawa da wasan ƙarshe na ƙwallon raga tsakanin unguwarmu Dala da 'yan Gamboru ba. Lokacin gari a rikice yake, wasan nan kaɗai ke sa mu dariya kafin dokar hana fita ta kora kowa gida. Ni ne gwanin dukan ƙwallo a ƙungiyarmu, ana ce min Aradu (ni na raɗa wa kaina sunan, ba wanda ya roƙe ni).

Ashe kafaɗata ta dama ta gaji da ni. Likita ya ce yawan duka ya matse wata jijiya, shi ya sa naman bayan kafaɗar ya zube ya bar rami. Ya ce in huta. Na ce to, na fito na ci gaba da cika baki.

Ranar wasan, a hanyar fili sojoji suka tsayar da keken hayar da muka hau, suka ce kowa ya sauko ya ɗaga hannu. Na hagu ya tashi. Na dama ya maƙale a rabi, kamar mai tare mota.

Wani soja ya daka min tsawa: "Kai! Me ka ɓoye a hammata?"

"Wallahi oga, jijiya ce."

Ya sa na tuɓe riga a gaban mata masu suyar ƙosai. Ya leƙa ramin, ya fashe da dariya. "Wannan ne ɗan wasan naku?"

Kocinmu, Ba Modu, bai yi dariya ba. "Yau benci za ka ɗumama," ya ce.

Ana dab da tashi ɗan wasanmu Bukar ya gurɗe ƙafa, kuma ba kowa a benci sai ni. Ba Modu ya ja kunnena: "Tsaya gaban raga. Don Allah kada ka taɓa komai."

Na kuwa bi umarni. Maki ɗaya ya rage mana, wani ƙato ɗan Gamboru ya yi tsalle ya narko ƙwallo. Ban ma gan ta ba, sai ji na yi tau a goshina! Ta koma ta faɗi a gidansu, alƙalin wasa ya busa. Aka ɗaga ni sama ana ihun "Aradu!", ni kuwa ina tambayar wa ya ci.

Daga baya na koma wa likita da kunyata, na yi ta gasa kafaɗar da motsa hannu har ya dawo. Darasin da na ɗauka: in likita ya ce ka huta, ka huta. In taurin kai ya hana ka, to Allah ya sa taurin ya kai har goshi.