Yadda Na Nuna Wa Maza Rawar Malama

Ba zan taɓa mantawa da bikin nan na Ƙofar Kware ba, ko da kuwa na so in manta. Har yau in na tuna sai in ji kamar in ɗauki kwamfutata in maka ta da ƙasa, sai kuma in tuna ba ita ta danna kanta ba.

Ni mai ɗaukar hoto ce. Ba don na fi maza iya aiki ake kirana ba (ko da yake na fi da yawansu, gaskiya ɗaya ce). Ana kirana ne don ni mace ce, ina shiga cikin gida inda mata ke ajiye hijabi su sake, kuma an yarda abin da na gani ba ya fita waje. Wannan yardar ita ce jarina gaba ɗaya.

A wunin bikin, ana fara kiɗan ƙwarya sai ga Malama ta miƙe. Malama ƙanwar uban amarya ce, ita ke koyar da matan aure a Islamiyyar unguwa, mace ce da in ta shigo wuri kowa ke gyara zama. Amma amaryar a hannunta ta girma, farin ciki ya ci ƙarfinta. Ta taka, ta juya, ɗankwali ya zame, ta ci gaba abinta. Ni kuwa yatsana ba ya jin magana, na yi ta ɗauka.

Da kiɗa ya lafa ta ja ni gefe tana haki. "Ɗiyata, hotunan ga da kinka ɗauka, ba ni son kowa shi gan su. Ki shahe su duka."

Na ce, "Goggo, kamar an yi an gama."

To a makon ne na sauya manhajar gyaran hoto, don tsohuwar ta fara yi mini nauyi. A tsohuwar akwai wani kwando na wucin gadi: ina bin hotuna ina danna maɓalli ɗaya, duk wanda ba na so ya faɗa ciki, in na gama in buɗe kwandon in goge, sun tafi ke nan har abada. Shekaru ina haka har hannuna ya haddace. Da na ga sabuwar ma tana da nata kwandon sai na ce ashe duk kanwar ja ce. Ban karanta komai ba, ban tambayi kowa ba (gwana fa ake magana). Na tattara hotunan rawar Malama cikin sauri, na danna gogewa, kwando ya zama wayam. Har waya na buga mata na ce ta kwantar da hankalinta.

Ashe a sabuwar, in ka goge hoto daga kwando, daga kwandon kawai ya fita, asalinsa yana nan daram cikin 'yan'uwansa. Don Allah wane marar tausayi ne zai zauna ya ƙera abu haka? Ka rubuta gogewa alhali ba gogewa kake nufi ba? Wannan ai cin amana ne. Na tsine wa wanda ya ƙirƙiro ta ban san iyaka ba, duk da na san da na sake bin hotunan sau ɗaya kafin in zuba su a filashi, da ba a yi haka ba.

Ranar da na kai aiki, Alhaji uban amarya ya ce a sa a talabijin kowa ya gani. Falo ya cika: shi da ƙannensa, da abokansa na kasuwar shanu, da mijin Malama, mata kuma suna daga baya wajen ƙofa. Malama na cikinsu, hijabi har ƙasa, carbi a hannu. Hotuna suka fara wucewa ana ta "Masha Allah", ni kuma kaina ya kumbura har ina yi wa Alhaji bayanin yadda ake daidaita haske.

Sai ga ta, ta cika allon tam.

Na fizgi rimot na danna, maimakon ya kashe sai ya tsayar da hoton cak, kuma a kan mafi muninsu: hannuwa sama, ɗankwali a kafaɗa, baki buɗe tana rangaɗa guɗa. Na ruga bango na finciko waya daga soket. Fanka ta tsaya, talabijin na nan yana aikinsa.

Mijin Malama ya gyara tabarau, ya ce a hankali, "Wagga ba Malama ta ba?"

Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce, "A kashe abin ga." Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige ban ko waiwayo ba.

A zaure Malama ta tare ni. Na so ta zage ni, ko ta mare ni, da na fi samun sauƙi. Muryarta ƙasa ƙasa ta ce, "Da namiji anka kira, da ban tashi ba. Don ke mace ta munka sake."

Na fara, "Goggo, wallahi manhajar ce..."

Ta ce, "Da manhaja munka yi alkawari, ko da ke?"

Na koma na ba ta haƙuri, ta ce ta yafe, amma labari ya riga ya zaga gari. Har yanzu ana kirana biki jefi-jefi, sai dai da na ɗaga kyamara, ko ana tsakiyar kiɗa, mata sai su zauna, kowace ta ja mayafi ta tsuke baki. Hotunana duk sun koma kamar na fasfo, kuma ba ni da wanda zan kai ƙara.

Darasin da na samu shi ne, in ka sauya kayan aiki, ka fara gwada su a kan hoton akuyarka kafin ka gwada a kan mutuncin wani. Ni kam a kan Malama na yi gwajin nawa.