Korau da Kwanson Harsashin Yayansa

A Tungar Maje an yi wani maharbi mai suna Jatau, yana zaune da matarsa Dije da ƙanensa Korau. Korau ƙato ne har da gemu, ga ladabi ga ƙarfi, sai dai abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Maƙera sun kore shi, masaƙa ma haka, gidan yayansa kaɗai ya rage masa a duniya. Shi kuwa Jatau in ya yi harbi ba ya yar da kwanso, don sabon harsashi sai an je birni. Yakan tsince kwanson, wanda na tagulla ne, ya wanke, ya daidaita su, ya sake ɗurawa. A nan ya sama wa Korau aiki.

Wata rana Jatau ya miƙa masa toka da tsumma ya ce, "Goge su har sai ka ga fuskarka a jiki." Korau ya ɗauki guda ya zauna gindin ɗorawa. Hantsi ya yi, azahar ta wuce, bawan Allah yana kan gudan nan. Jatau ya dawo ya tarar kwanso ya siranta kamar ɓawon albasa. Korau ya ce, "Yaya, hanci kawai nake gani, kunnuwa sun ƙi fitowa."

Wata rana kuma za a cusa su cikin wani ƙarfe da maƙeri ya yi wa Jatau, mai matse kwanson da ya buɗe ya koma girmansa. Jatau ya ce, "Fara shafa musu mai, a hankali, yadda ake shafa wa jariri." Korau ya ɗumama ruwa ya yi musu wanka, ya mulke su da man shanun Dije, ya kwantar a tabarma ya lulluɓe da zanenta na biki. Dije ta fito tana salati. Ya ce, "Matar Yaya, sassauta murya, yanzu suka samu barci." Ta yi dariya har da riƙe ciki, amma Jatau bai ko murmusa ba.

Wata rana ya ba shi magagari ya ce, "Bakinsu ya yi tsawo. Rage su, tsawonsu ya zo ɗaya." Korau ya goga na farko ya zarce. Ya bi sauran ya rage su zo daidai da shi, nan ma wani ya zarce, ya sake komawa farko. Kafin la'asar sun zo ɗaya kam, ko gaɓar yatsa ba su kai ba. Ran Jatau ya ɓaci ƙwarai, ya ce, "Ɓarna ɗaya ta rage maka a gidan nan." Tsoro ya kama Korau, don bai san inda zai nufa ba.

Wata rana aladun daji suka addabi gonakin rogo, aka sa gobe za a fita musu. Jatau ya sayo tsofaffin kwanso a kasuwa ya ce, "Zuba musu ruwan tsamiya, in dawo in tarar kowanne a cike." Nufinsa a jiƙa su a ƙwarya. Korau ya kafa su a yashi ɗaya bayan ɗaya, yana ɗura musu da ludayi. Wasu suka riƙe ruwan, wasu kuwa da ya juya sai ya ga sun tsotse. Ya ware su gefe, ya wuni yana kai da kawo, ko abinci bai ci ba.

Jatau ya dawo ya ga ba abin da ya wanku. Ya ce, "Je ka haɗa kayanka." Korau ya fito da ƙunshinsa yana hawaye, ya ce, "Yaya, ba laifina ba ne, waɗancan ne ba sa ƙoshi."

Jatau ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda aka ware ya kai saitin rana. Sai ga tsaga siririya kusa da gindi, na biyu ma haka, na uku ma haka. Irin wannan in aka ɗura aka harba, a fuskar mai bindiga yake fashewa. Ya ajiye kwanson a hankali ya dubi Korau. Can ya ce, "Dije, zuba masa tuwo, ki ƙara nama."

Korau yana tsaye a bakin zaure ya ce, "Kayan fa, Yaya?"

"Ajiye su nan."

Ya ajiye su nan. Har yau duk mai shiga gidan Jatau sai ya tsallake ƙunshin, kuma ba wanda ya taɓa jin Jatau ya yi ƙorafi.