Yadda Za Ka Kashe Akawun Auduga a 1946 Ba Tare da Ka Taɓa Kakan Kowa Ba

Duk wanda ya bi matakan nan yadda na jera su, littafinsa na binciken kisa zai fito, kuma za a saya. Wannan na ɗauki alkawari. Ban yi boko mai nisa ba, amma rumfata na jikin ta Uba mai kayan keke a kasuwar Sabon Garin Zariya, kuma a gabana ya yi nasa tun daga farko har ƙarshe. Da shi zan riƙa ba ka misali.

Mataki na ɗaya: Ka samu dalili

Mai hankali ba ya tashi haka kawai ya kama rubutu. Dalilin Uba ɗansa ne, Umar Faruk, wanda ke neman Naila, 'yar wani gidan malamai a Jushi. Irin gidan nan ne da kafin su ba ka 'ya sai sun binciki asalinka har kakan kaka. Wan uban yarinyar, Malam Ramalan, ya ce sai bayan Babbar Sallah za su ba da amsa. Uba ya duba kansa, ya ga in masu bincike suka zo, abin da za a ce masu shi ne, "Ai mai sayar da sarƙar keke ne." Ya ce sam. Kafin Sallah sai an ce gidan marubuci ne.

Mataki na biyu: Ka gudu daga zamaninka

Da can ana rubuta labarin kisa a kan yau-yau, ana kuma cin abinci da shi. Tun da wayar salula ta shigo sana'ar ta lalace. Mutum ya ɓace, a kira lambarsa, a ji yana Kano wajen suna. Littafi ya ƙare a shafi na biyu. Shi ya sa masu wayo a harkar suka kwashe gawarwakinsu suka koma zamanin da.

Kada ka koma da nisa, inda ba ka san ma me ake sawa a ƙafa ba. Kada kuma ka tsaya kusa, inda wani tsoho zai ce maka, "Ba haka aka yi ba, ina wurin." Uba ya zaɓi 1946, lokacin awon auduga a bakin tashar jirgin ƙasa. Ya lura duk wanda ke da wayo a shekarar, yanzu ko ya rasu ko kunnensa ya tafi.

Mataki na uku: Ka yi sauri da gawa

A littafin Uba, gawar akawun awo aka tsinta da hantsi cikin dilar auduga. To ka tuna, mu nan gawa ba ta jiran ɗan doka. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Mai bincikenka zai iso ya tarar da tabarmi da carbi, duk wanda ya tambaya ya ce masa, "Kwana ne ya ƙare, zauna mu yi addu'a."

Kada wannan ya dame ka, nan ribar take. Ka sa shaidarka ta zama dattijuwa wadda ta ga komai da idonta, amma sunan mai laifin ya zo ɗaya da na mijinta, don haka bakinta ba zai iya faɗa ba. Sai dai ta sunkuyar da kai ta ce, "Mai sunan Malam ne." Mijin ya daɗe da rasuwa, kowa da Malam kawai ya san shi. Da wannan kaɗai Uba ya cika shafi arba'in.

Mataki na huɗu: Ka nemo mai kisa

Nan ne ake gane maza.

Uba ya kai rubutunsa Samaru, wajen Edith mai buga wa ɗalibai takardu da kwamfuta. Rubutun hannunsa sai shi, don haka Edith sai ta karanta da ƙarfi, shi ya ce i ko a'a. Duk wanda ke layi yana ji.

Da farko mahauci ya ɗora wa laifin. Kwana biyu sai ga wani ƙato daga layin mahauta a bakin rumfa, ko hannu bai goge ba.

"Malam Uba, an ce a littafinka mahauci ne. Mahautan kasuwar nan na lokacin duk daga gidanmu suke. Wanne ne a ciki, in je in gaya wa Inna?"

Uba ya mai da shi malamin coci mai keke. Edith ta kai tsakiyar shafi, ta janye hannunta daga kan na'ura.

"Baba, malamin coci mai keke a Sabon Gari a shekarun nan kakana ne. Hotonsa da keken na nan a falonmu. Ko ka canza, ko ka kwashe takardunka."

Ya mai da shi tela Bayarabe. Dele mai injin buga littafi ya karanta, ya ture takardun.

"Oga Uba, wannan tela baban mamana ne. Injina ba zai buga shi ba, ko ka kawo dubu nawa."

"To Baturen awo fa? Shi ba shi da kowa a nan."

"Bature? Tun daga bango kowa zai gane. Wa zai karanta sauran?"

Ka riƙe wannan: a Zariya babu mamacin da bai bar jikoki ba, kuma duk a kasuwa suke.

Mataki na biyar: Ka duba cikin gida

Kwana uku Uba na zaune yana juya goro a baki, ko ciniki ba ya yi. Rana ta huɗu ya buga cinya. Mamaci ɗaya ne a garin nan da jikansa ba zai zo masa rumfa da faɗa ba: kakansa Jatau, mai jakunan dakon auduga daga Dogarawa. Mutum ne mai shiru, ba wanda zai zarge shi. Ya dace ta ko'ina.

Umar Faruk ya ji labari ya zo a guje.

"Baba, ka canza masa suna mana."

"In na canza ya zama kakan wani."

"To ka rubuta a farko cewa ƙirƙira ce."

"Kai, wa ka taɓa gani ya ba da kuɗinsa ya sayi ƙarya?"

Ya sa Dele ya buga a bango da jan rubutu: Abin da tsofaffi suka ɓoye.

Mataki na shida: Ka tabbatar ya kai inda kake so

Cikin sati uku littafin ya ƙare a kasuwa. Matan Unguwar Gabas har layi suke yi wajen mai ba da hayar littattafai. Masu zuwa sayen tayar keke suka koma kiran Uba da Marubuci. Shi kuwa ya zaɓi kwafi mai tsabta, ya naɗe a leda, ya aika wa Malam Ramalan.

Mataki na bakwai: Ka amsa kira

Bayan Sallah aka kira Uba Jushi. Umar Faruk ya kai shi a babur, ya tsaya a waje. A zaure ga Malam Ramalan, ga limamin unguwa, ga wasu dattawa biyu. Littafin na gaban Malam, an saƙala masa tsinke a wuri uku.

"Malam Uba, mun saba tura mutane bincike su yi ta yawo a rana. Kai ka hutar da mu, ka aiko mana da shi a buge. Mun gode. Yanzu abu biyu ne. Ko dai kakanka ya kashe mutum, ko kai ka yi wa kakanka ƙazafi yana kabarinsa, ka sayar naira ɗari da hamsin. Wanne za mu gaya wa uwar yarinya?"

Uba ya cire hula ya mayar. Sati uku ke nan ana ce masa Marubuci, abin da tun da aka haife shi ba a taɓa kiransa da irinsa ba. Ta ƙofar zaure yana hango ƙafar ɗansa tana kai da kawowa gefen babur.

"Ni ne maƙaryacin," in ji shi.

"Ɗaga murya, Liman bai ji ba."

"Na ce ƙarya na yi! Jatau ko jakinsa bai taɓa duka ba."

Malam ya gyaɗa kai, ya ce shi maƙaryaci yana iya tuba. Ya gindaya sharaɗi: a yi wa Jatau saukar Alƙur'ani, kada a sake buga littafin, kuma Uba ya maimaita abin da ya faɗa a ƙofar masallacin kasuwa. Uba ya ce ya yarda. Aka shafa fatiha, aka ba Umar Faruk Naila.

Yana saka takalmi Malam Ramalan ya biyo shi, ya kama masa hannun riga, ya yi ƙasa da murya.

"Tsakanina da kai. Tunda ba Jatau ba ne, wa ya kashe akawun?"

"Allah gafarta Malam, ai babu akawun ma. Ni na ƙirƙire shi."

Malam ya sakar masa hannun riga.

"Haka dai kuka ce," in ji shi, ya koma ciki da littafin a hammata.

Sanarwa

Ni hanya na nuna, ban ce kowa ya bi ba. In mahauta suka zo maka, ko aka fasa ba ɗanka mata, ko kakanka ya fito maka a mafarki, ba ruwana, ban san ka ba. Wanda kuma ke da tambaya a kan akawun, ya je rumfar Uba. Kada ya tsaya a tawa, na gaji da cewa ban sani ba.